Saiwar Sobni Mai Ɗaci

A ƙauyenmu na kan dutse a Garhwal, duk wanda idonsa ya yi rawaya da shawara, gidan Sobni ake kai shi. Tsohuwa ce 'yar firit, ba ta da fara'a ko ta sisin kwabo, amma ta iya noman kutki, maganin wannan cuta. Wannan tsiro ba ya son ƙasa sai can kusa da ƙanƙara, furensa shuɗi-shuɗi, saiwarsa kuwa ɗaci kamar maɗaci. Ita kaɗai ta shawo kansa ya zauna a fili a bayan gida. Shekara ashirin tana fama da shi, tana zuba masa ruɓaɓɓen ganye da tafin hannu, ba ta taɓa haƙa saiwa ba sai ta cika shekara uku.

Ƙanin mijinta, Darban, ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan filin nan tun rasuwar yayansa. Da ta sauka kwari jinyar 'yarta mai jego, sai ya shigar da shanun huɗa, ya kife komai, ya dasa dankali.

"Haba Yaya, ciyawa ce fa," in ji shi da ta dawo. "Dankali ai ko ke kya ci."

Sobni ba ta yi kuka ba, kuma wannan ne ya ba mu tsoro. Ta durƙusa a gefen kunya tana tsintar guntayen saiwar da garma ta watsar, ta cika zaninta, ta je ta dasa su a wani ɗan lungu ƙarƙashin katangarta. Daga ranar ta tsani Darban, tsana mai sanyi wadda ba ta hana ta gaishe shi da safe.

Damina biyu ta wuce. Wata rana da hantsi sai ga Darban yana hawo matakalar dutse, yana hutawa bayan kowane taku biyar, idanu kamar an shafa kurkum, ciki a kumbure. Asibiti tafiyar kwana biyu ce a ƙafa, ga hanya ta zabtare.

Ta shimfiɗa masa buzu, ta kawo shayi, har da gurasar gero.

"Yaya, ki dubi zumunci. Ko guntu ɗaya ne."

"Taso ka gani, ƙanena."

Ta kai shi lungun, ta tona gindin tsiro ɗaya da yatsa, ta nuna masa saiwar, siririya kamar zare.

"Shekararta biyu. Kai ka san ranar da aka dasa ta, ai kai ka sa rana. Yanzu ruwa ce kawai, ba ta maganin komai."

Ta mayar da ƙasa, ta danne a hankali, ta kakkaɓe hannu.

"Ka dawo baɗi war haka, in kana nan."