Sassaƙen maɗacin layinmu

Shekarun baya, lokacin da kuɗin mai suka shigo ƙasar nan har masinja ma yana tayin babur, ina zaune a wani layi a Fagge, wajen Rijiyar Lemo. Layin namu yana da famfon gwamnati a kusurwa, da ɗan masallaci, da bishiyoyi a jere. Babbarsu wani maɗaci ne, daidai jikin katangata. A ƙarƙashinsa ake ɗaurin aure, a nan ake zaman makoki, a nan mata ke ajiye bokiti su huta in layin famfo ya yi tsawo. A nan kuma wani tsoho maƙwabcina, tela, yake fito da kekensa kullum da hantsi. Duk layin Baba muke ce masa. Mahaifinsa ne ya dasa bishiyar.

Sai aka yi mana ƙarin albashi na sayi mota, kaina ya kumbura. Na so in fasa katanga in yi mata gareji, maɗaci ya tare hanya. Na kai wa mai unguwa maganar sarewa a gaban jama'a. Ya ce, "Malam, motar ce ta tarar da shi, ko shi ya tarar da ita?" Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ta ciki na ciki.

Wani mai sayar da katako a Sabon Gari ya taɓa gaya mini cewa in aka sassaƙe ɓawon bishiya aka zagaye ta, sai ta mutu a tsaye. Kowa kuwa ya san maɗaci maganin ciki ne, kuma ba a hana mara lafiya sassaƙe. Sai na ƙirƙiro wa kaina ciwon ciki. Bayan kwana biyu-biyu in fito da wuƙa, ina dafe da mara, in ɓanɓari tafin hannu guda, kullum kusa da na baya.

Abin da ban shirya masa ba shi ne tausayin mutane. Liman ya sa ni a addu'a bayan la'asar. Matar Baba ta riƙa aiko mini da kunun tsamiya. Ni da nake tashi da malmala uku, sai ga ni ina tafiya a duƙe kamar mai neman allura. Baba kan ɗago daga kekensa ya ce, "Malam, yaya cikin?" In ce, "Da sauƙi, Baba." Ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi. Amma ka riƙa bar masa rigarsa ta ɗaya ɓarin." In ce to, in kuma ci gaba.

Damina ta zo, kowace bishiya ta yi kore, ban da maɗaci. Da reshe ya fara faɗowa, mai unguwa da kansa ya ce a sare kada ya kashe wani. Na samu garejina. Zama kuwa ya watse. Da aka yi rasuwa a layin, cikin rana aka jera tabarmi, masu gaisuwa suna yin fatiha a tsaye su wuce. Baba ya mai da kekensa zaure. Wurin da duhu, idonsa ya yi rauni, bai shekara ba ya daina ɗinki.

Ranar da na ga ana fitar da keken za a sayar, na shiga zauren na durƙusa. Na ce, "Baba, ban taɓa ciwon ciki ba. Ni na kashe maɗacin, da gangan."

Ya ce, "Na sani, Malam. Mai ciwo ɓari ɗaya yake ɗiba. Tun ranar da sassaƙenka ya zagayo ya haɗe na gane."

Na ce, "To me ya hana ka tona ni?"

Ya ce, "Lokacin da na gane, bishiya ta riga ta tafi. In na tona ka, sai mu rasa inuwa, mu kuma rasa maƙwabci. Ni na yafe nawa. Sauran kuwa ba nawa ba ne."

Gaskiya ya faɗa. Haƙƙin na duk layin ne, ni kuwa kunya ta hana ni tsayawa a masallaci in faɗa musu. Ina cewa gobe, ina cewa gobe, har yawancinsu suka riga mu gidan gaskiya suna ɗaukata mutumin kirki da ya sha jinya. Na dasa bishiyoyi da yawa bayan nan, amma ba ɗaya da waɗanda na cuta suka zauna a ƙarƙashinta. Shi ya sa na rubuta wannan. In akwai ɗa ko jikan mutanen layin nan da ke karantawa, ni ne. Ina roƙon ku abin da na kasa roƙon iyayenku.