Gumbar Iya

Jiya da hantsi ina zaune a zaure ina shirya darasi, sai ƙamshin jiƙaƙƙen gero da citta ya tsallako katangar maƙwabta. Rasuwa aka yi musu, ranar ce sadakar bakwai, gumba ake dakawa. Darasin kuwa a kan kalmomin Turanci ne na ban dariya, don su ma Turawa ba kalma ɗaya gare su ba. Akwai ta raha zalla, akwai ta faɗin abu ana nufin akasinsa, akwai kuma mai cizo. Na daɗe ina koyar da wannan a sakandare a nan Daura, yara na cakuɗa su wuri guda, ni kuma ina ta faɗa. To bari in gaya maka gaskiya, ba a littafi na fara sanin bambancin ba. A bakin turmi na koya, wajen tsohuwar da ko harafin boko ɗaya ba ta sani ba.

Kakata ce ta wajen uba, Iya muke ce mata. Ɗakinta na can ƙuryar gida kusa da rumbu. Tun kafin in yi wayo yanar ido ta rufe mata gani, saboda haka da kunne take gani. Sunan marigayi mijinta aka sa mini, ka kuwa san matan da, ko za a yanka ta ba za ta furta sunan nan ba. Maigida take ce mini. Da na shigo sai ka ji ta ce, "Ga maigidan da ko gishiri bai taɓa kawowa ba." Ni kuma in ce, "Tsohuwa, wai yaushe za ki tafi ne mu sha gumba?" Kowane jika yana faɗa wa kakarsa haka, ba wanda ke ɗaga kai. Amsarta kullum ɗaya ce: "Sai na ga furfurarka, ja'iri." Daga nan ta kece da dariya. Dariyar nan ba mai irinta a unguwar. Tana farawa da ɗan tari ƙasa-ƙasa, ta ja numfashi kamar ƙyauren langa-langa mai tsatsa, sannan ta daki cinyarta sau biyu.

Mu yara komai wasa muke ce masa, ita kuwa ba ta yarda. In kun gama ku biyu kuna dariya, wannan ne wasa a wurinta. Zolaya kuwa, ɗaya ke fara dariya, ɗayan ya biyo baya. Gatse shi ne a ce maka je ka, alhali in ka tafi ka shiga uku. Ranar da wani ɗan baffana ya kwaikwayi in'inar mai kawo mana ruwa, daga inda take zaune ta jefe shi da mafici, kuma ta same shi. Ta ce wannan izgili ne, mai yin sa shi kaɗai yake dariya. Abin mamaki, ba ta damu da kalmar da ka faɗa ba, abin da ke ƙarƙashinta take saurare.

Ina ɗan shekara goma abin ya faru, a ƙarshen damina, an fara yankan gero, kududdufai sun cika. An hana mu wanka a na bayan unguwa, na je na yi. Na shanya rigata har ta bushe, amma Iya ta jiyo warin gansakuka a jikina, ta gaya wa Baba. Wallahi ban taɓa shan duka irin na ranar ba. Da yamma na zo wucewa ta ƙofarta bayana yana raɗaɗi, ta ce, "Maigida, an sha ruwa an sha bulala?" Na tsaya na ce, "Tsohuwa, yaushe za ki tafi mu sha gumba?" Kalmomin na kullum ne, ko ɗaya ban sauya ba. Amma har cikin raina nake nufi, kuma ta ji. Ba ta yi dariya ba. Ta karkato da kunnenta wajena na ɗan lokaci, sannan ta ce, "To."

Kwana uku ba ta tsokane ni ba. Na so in je in ce wasa nake, amma wa zai yi wa kunnen Iya ƙarya? In ce ta yafe mini kuma, girman kai ya hana. Ran Lahadi Baba ya kai awaki kasuwar Mai'adua, Inna da sauran mata suka tafi gidan suna. Rana ta take, gida tsit, ko kaza ba ta motsi. Sai na ji daka. Ba irin dakan matan gidanmu ba mai sauri, wannan a hankali yake, a buga, a daɗe, a sake bugawa. Iya ta yi shekaru ba ta ɗaga taɓarya ba. Ina maƙale a soro ina saurare, dakan ya tsaya, sai na ji ta kira sunana na yanka. Na taho a hankali, don a yadda ta ja sunan ban san ko ni take kira ko mai sunan ba.

Na same ta a tsaye gefen turmi, gumi ya jiƙa mata wuya, ƙoƙo a hannu. Gumba ce ta sabon gero, fara sol, har da zuma. Ta miƙo daidai inda nake ta ce, "Ungo, sha tun ina nan, kada ranar a yi maka rowa." Bakinta ya ɗan motsa, ban iya cewa murmushi ne ba. Ka ga inda na tsaya? In wasa ne, sai in shanye in ce zumar ta yi kaɗan, mu yi dariya magana ta wuce. In gatse ne, ko lasa bai kamata in yi ba. Ita ta koya mini rarrabe su, ga shi ranar da nake bukata na kasa. Tsoro ya kama ni, na zagaya bayan rumbu na juye wa kaji. Suka taho da gudu, suka tsaya a kai, babu wadda ta kai baki. Da na mayar da ƙoƙon ta tambaye ni ko na sha, na ce na sha. Ta shafa cikinsa da yatsa ta ce, "Ko kajin ma sun ƙi."

Ran Juma'a bayan la'asar ta cika a kan tabarmarta, ko ciwon kai ba ta yi ba. Na sani, ajali ne, kuma duk malamin da na tambaya bayan na girma haka ya ce mini. Amma je ka gaya wa ɗan shekara goma.

Ranar bakwai, kamar yadda ake yi in tsoho ya rasu, jikoki suka fito wasa. Gwaggo ta yafa mini zanen Iya ta ba ni sandarta, wai ai ni ne maigida. Na ranƙwafa ina tafiya irin tata, mata na dariya suna share hawaye, ana ta dakan gumba. Ban yi niyyar komai ba, sai na ji tari ya taso mini daga ƙirji, numfashi ya ja, hannuna ya daki cinyata sau biyu. Taɓare suka tsaya cak. Wata tsohuwar ƙawarta ta yi a'uziyya ta fizge zanen daga jikina. Dariyar da Iya ta hana ni ce ta fito ta bakina, kuma har yau ban san ko ta yafiya ce ko wata iri ba.

Yanzu wasan nan ya ja baya. Iyaye na ganin rashin kunya ne, jikoki kuma gaisuwa suke yi su koma kan waya. Shi ya sa jiya na yi mamaki. Jikata, wadda na ƙwace wa wayar uwarta da safe, ta leƙo zaure fuska a murtuke, ta shaƙi ƙamshin maƙwabta ta ce, "Tsoho, kai yaushe za mu sha taka?" Na saurara, na kuma ji abin da ke ƙarƙashi sarai. Uwarta ta taso za ta buge mata baki, na riga ta. Na ce, "Sai na ga furfurarki, ja'ira," na yi dariya da gangan, da ƙarfi, har yarinyar ta saki fuska ta taya ni. Ba zan bar ta ta ɗauki abin da na ɗauka ba.

Muna cikin haka yayata, wadda ta zo mana kwana biyu, ta fito daga ɗaki ba ko ɗankwali, tana waige-waige. Ta ce, "Wa ya yi dariyar nan yanzu?" Na duba, sai na ga hannuna a kan cinyata, wurin yana ɗan zafi.