Allurar da Ta Bi Gayya

Ƙarfe tara da kwata na safe aka rufe ƙofar ɗakin taro a Gusau. Waɗanda ke ciki su ne mai gidanmu, babban jami'in da ke shugabantar zaman, da baturen 'yan sandan Gusau, da na Tsafe, da na Bungudu, sai ni, sufeto mai kula da taswira. Farkon shekara ne, zaman da ake tsara aikin shekara baki ɗaya: ina za a tsaya, yaushe, kuma da wace mota.

Aikina ba magana ba ne. Taswira tana jikin bango, allurai masu jan kai suna cikin gwangwani a hannuna. Kowace allura motar sintiri ce. In aka yanke magana, in soka. In ba a yanke ba, in tsaya. Haka aka koya mini, haka kuma nake so. Ni mutum ne da ba ya sa hula kafin riga.

Amma ranar nan idona ya ƙi zama inda na ajiye shi. Akwai wani siririn shuɗin layi a taswirar, can bayan Kekun Waje. Rafi ne. A hayinsa gonar mahaifinmu take, wadda yayana ke nomawa tun da tsohon ya rasu. Kowace kaka yakan ɗauro damin dawa a bayan babur ya kawo mini Gusau, ya ajiye a zaure kafin ma ya yi sallama. A kakar da ta wuce ya zo hannu rabbana.

"Dawa ta yi, ƙanena," in ji shi. "Ta yi har ta sunkuya. Amma wa za ya tahi hayi shi kaɗai a wanga zamani? Tsuntsaye sunka cinye."

Ya ce in aka sake haka bana, zai bar gonar ya dawo Gusau ya yi dako a kasuwar hatsi. Mutum mai furfura a gemu. Ban yi masa alkawarin komai ba, domin ɗan sanda ba ya roƙa wa gidansu mota.

Zaman ya tafi a tsarinsa. Da farko Gusau: kasuwanni, tasha, unguwannin ma'aikata. Na soka. Sannan Tsafe: babbar hanya da motocin hatsi. Na soka. Da aka zo Bungudu, na girgiza gwangwani, allura ɗaya ce ta amsa.

"Yallaɓai," in ji baturen Bungudu, "sun cinye tuwo sun bar mini ƙanzo."

"Ka jiƙa shi da ruwa, zai kumbura," in ji na Tsafe.

Na Bungudu ya ce, "Kai da ka sha miyar ai ka faɗi haka. Yallaɓai, gonaki ne kamar an watsa gero. In na tsaya nan, can ya yi kuka. Mota ɗaya ina zan kai ta lokacin girbi?"

Fanka tana juyawa a hankali, gefen taswira yana ɗagawa yana komawa kamar numfashi. Ina kallo, sai shuɗin layin ya cika da ruwa. Na ji sanyinsa a ƙaurina. Na ga tsamiyar da ke kusurwar gonarmu, na ga mahaifina a gaban sahun maza, ganga tana tashi, ana kwantar da kara ana yanke zangarniya. Yau gonar wane, gobe ta wane, gari guda a gona guda, mata suna tafe da ƙoren fura. Ganga ta tashi daga wannan gona ta sauka a waccan, ni kuma ina bin ta.

"Sufeto! Wa ya ce ka soka?"

Muryar mai gida ce. Na duba, ashe hannuna yana jan allurar a kan taswira, daga gona zuwa gona.

"Ban soka ba, Yallaɓai. Tafiya take."

Baturen Bungudu ya miƙe tsaye. "Ku bar shi! Wallahi gayya yake yi."

Sai ɗakin ya yi laushi. Na Tsafe ya ce shi ma ya ɗauki dami a gayya har wuyansa ya sage. Na Gusau ya tuna furar da ake damawa da nono mai kauri. Mai gida, wanda ba ɗan ƙasar nan ba ne, ya ce a garinsu ma ana yi, da wani suna. Na ɗan lokaci babu mai muƙami a ɗakin, sai 'ya'yan manoma da suka tsufa cikin kaki.

Daga nan aka koma tsari. Na ɗaya, in kaka ta yi, manoma su haɗu su yi girbi da gayya kamar dā. Na biyu, motar nan ɗaya ta bi gayyar duk inda ta sauka. Na uku, dattawan gari ne za su jera gonaki, ba mu ba. Na huɗu, in hidimar ƙarshen shekara ta zo, lokacin da matafiya ke cika hanya, motar ta koma hanyar Tsafe a ranar da aka sa, ko an gama ko ba a gama ba.

"To ina zan soka ta, Yallaɓai?"

"Kada ka soka. Nemo zare ka rataye ta."

Haka ta kwana ta wuni. Bazara ta zo ta wuce, damina ta sauka, allurar tana lilo a ƙarƙashin fanka a saman ƙasar Bungudu. In na shiga ɗakin ni kaɗai, nakan ga kamar dawa tana tsayi a bayan takarda.

Da kaka ta yi, dattawa suka jera. Gonakin zawarawa da marasa lafiya a gaba, sai na kusa da gari, sai na hayi. Ta yayana ita ce ƙarshe, domin ta fi kowacce nisa. Ranar komawar mota kuwa tana matsowa. Na je gida ranar hutuna, na same shi yana wasa lauje.

"Yaya, in na yi wa baturenmu magana..."

"Kak ka soma," ya ce, bai ko ɗago ba. "Kai da ba ka cin nama kahin tuwo, yau kai za ka tsallake layi? Mi za ni ce ma zawarawa?"

Gayya ta kai bakin rafi a ranar da aka sa motar za ta tashi da la'asar. Ni ina Gusau, gaban taswira. Abin da ya faru, daga baya aka ba ni labari. Waɗanda aka gama gonakinsu tuntuni, ba wanda ya zauna gida. Bayan sallar asuba suka ƙetare, har da tsofaffin da aka ce su huta. Motar tana tsaye a mashigi, 'yan sanda suna kallon daji, manoma suna kallon kara. Ba a zauna shan fura ba, a tsaye aka kurɓa.

Da aka kira la'asar, na kwance zaren, na kai allurar hanyar Tsafe na soka. Ba ta taɓa yi mini nauyi kamar ranar ba. Amma lokaci ne aka sa, kuma mutanen hanya su ma suna da masu jiransu.

Ba a gama gonar ba. Kusurwar tsamiya ta rage a tsaye. Bayan 'yan kwanaki na ji babur a ƙofar gida, na ji an jefar da abu mai nauyi a zaure, sannan aka yi sallama. Damin bai kai na dā girma ba.

"Sauran na bar ma tsuntsaye," in ji yayana. "Sun saba, kak su yi hushi." Bai sake maganar dako ba. Ya ce a nemo masa iri mai saurin nuna.

Yanzu na ajiye kaki. Wani lokaci da rana, in na kishingiɗa a zaure, nakan ga jan kan allurar yana lilo, ganga tana binsa.

Mai karatu, abu ɗaya nake roƙonka. In aka kira gayya a garinku, kada ka koma gida don an gama gonarka. Ka tsaya a sahu har a ƙetare rafi, a kai gonar ƙarshe.