Mushe Alƙasim da Fara Mai Jan Baya

Mushe Alƙasim, wato Malam Alƙasim, ɗan manoman Deule ne da lakwal, makarantar boko, ta ɗauke daga gona, ta dire shi a kwalejin Buza yana koyar da ilimin halittu. Mutum ne mai haƙuri, sai dai bai yarda da kalmar "da yawa" ba. In ka ce masa sauro ya yi yawa bana, zai gyara tabarau ya ce, "Nawa ne?"

Wata kaka ya ɗauri aniyar nuna wa ɗalibansa yadda ake ƙiyasta yawan farar wata gona da lissafi. Dabarar mai sauƙi ce: a kama wasu, a yi musu alama, a sake su. In an sake kamu, yawan masu alama a ciki zai nuna yawan farar gonar duka. Alamar kuwa, jan farcen matarsa Habsa ya ɗauko ba da saninta ba.

Suka ɗiga wa fara ja a baya, suka saki. Da suka koma kamu na biyu, ko ɗaya mai ja ba su gani ba. Mushe ya buga lissafi a allo, lissafi ya ce farar ba ta da iyaka.

Ranar kasuwa sai ga aike daga Yalwa mai soya fara. Ya tarar da ita ta riƙe ƙugu, jama'a sun kewaye tirenta.

"Mushe, mi ka sa ma farata? Tun safe mutane na cewa guba ce!"

Ashe matan unguwa sun riga shi zuwa gonar, sun kwashe farar sun sayar wa Yalwa. Mushe ya leƙa tire, fuskarsa ta washe.

"Alhamdu lillahi! Inna, bari in ƙirga su."

"Ba ƙirgawa za ka yi ba, ci za ka yi, kowa ya gani."

Haka ya durƙusa tsakiyar kasuwa, yana tsinto masu jan baya, ya ƙirga, ya ɓalle fiffiken, ya jefa baki, ga yaji na sa shi hawaye. Mutane suka tsaya jiran ya faɗi. Da bai faɗi ba, suka far wa tiren, har ana rububin "ta Mushe".

Washegari ya shiga aji riƙe da ciki, ya rubuta amsa a allo, ya fita da sauri kafin a yi tambaya. Tun daga nan, kowace kaka shi ke jan ɗalibai su yi kamu na biyu a tiren Yalwa, ita kuma ta kan ƙara yaji ranar.