Hoton Ɗayyaba a Bakin Tasha

Ɗayyaba ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma da za a bi ta tawa da ba a taɓa karrama ta ba. Na san wannan ba maganar da 'yar'uwa za ta yi ba ce. Amma ni Kulsumi ban iya ɓoye abin da ke raina ba, kuma tsoron da nake kwana da shi ya fi ƙarfin kunya.

A Argungu aka haife mu, gidan masunta. Tun tana ƙarama Ɗayyaba ba ta da ƙyanƙyami. Idan ƙugiya ta shige yatsan wani, ko ƙayar kifi kurungu ta soki yaro a ƙafa, mu sai mu watse muna rufe ido, ita kuwa ta durƙusa tana leƙen raunin kamar an ajiye mata wani abu a ciki. Ni jinin kaza ma sai na kau da kai. Da muka girma aka kawo ni Gwadangaji gidan miji, inda nake sayar da busasshen kifi har yau, ita kuma ta shiga makarantar koyon unguwarzoma a nan Birnin Kebbi. Da ta gama aka tura ta Tungar Tamba, wani ƙauye a hayin gulbi can bayan Argungu, wanda ba a isa gare shi sai a jirgin ruwa. Kowa ya ce wata biyu za ta yi ta gudo. Ta yi shekara da shekaru a can. Mijinta Aminullahi malamin makaranta ne a Argungu, mutum mai haƙuri, shi ke riƙe da 'ya'yansu, ya saba da ganin matarsa daga Juma'a zuwa Lahadi.

Asibitin nata ɗaki biyu ne da rumfa. Aikin da aka tura ta yi shi ne awon ciki da karɓar haihuwa da rigakafin yara, amma a ƙauye wa zai tsaya tambayar abin da aka tura ka yi? Lokacin yankan shinkafa, wanda lauje ya sara wurinta yake zuwa ta ɗinke. Ba ta da yawan magana, a tsaye take cin abinci, kuma faɗanta ɗaya ne, da magidancin da ya bar matarsa tana naƙuda tun jiya sannan ya kawo ta yau. Irin wannan sai ta wanke shi tas a gaban jama'a, gobe kuma ya dawo mata da ƙwaryar albasa.

Sai mutanen daji suka fara kusantowa. Ba sai na yi dogon bayani ba, kowa a wannan yanki ya san su: babura, bindigogi, korar shanu. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne suna neman duk wanda ya san magani, saboda masu rauninsu ba su iya zuwa asibiti. Akwai wani mai kemis a ƙauyen da ke gaba da Tunga, rana tsaka suka ɗauke shi da kwalayen maganinsa, har yau iyalinsa ba su san ko za su yi masa sadaka ba. Daga nan Ɗayyaba ta daina saka farin kaya a hanya. Mutanen Tunga kuma, ba tare da wani ya tara su ba, suka ɗauki wata ɗabi'a: duk baƙon da ya tambayi wace ce a asibiti, sai su taɓe baki su ce wata ce dai mai auna ciki, ko allura ba ta iya sosai ba. Haka suka yi ta ƙasƙantar da ita a gaban baƙi, kuma wannan ƙasƙancin shi ya tsare ta.

Wata rana da hantsi aka harbi wani manomi mai suna Ikrima a cinya, yana cikin fadama. Ɗayyaba ta ɗaure ƙafar, ta tsai da jinin, ta saka masa ruwa, ta riƙe ledar ruwan a sama da hannunta har jirgi ya ƙetare gulbi. Likitocin Argungu ne suka cire harsashin. A wannan makon akwai ɗaliban likitanci da suka je koyon aikin karkara a wurinta, su suka kai labari ga malamarsu, Dakta Riskuwa, wadda ta daɗe tana tura mata ɗalibai. Da mata likitoci suka tashi karrama matan da suka yi fice a aikin lafiya da koyar da shi, Dakta Riskuwa ta saka sunan Ɗayyaba cikin na manya.

Gaskiya ban ga laifin Dakta ba. Ɗayyaba ta roƙe ta kada a ambaci sunan ƙauyen, kada a kira 'yan jarida kanta, kuma ta kiyaye. A wani ɗakin taro a unguwar Gesse, nan Birnin Kebbi, aka yi bikin. Akwai farfesa mai binciken ciwon sikila, akwai mai fiɗa, akwai wadda ta koyar da rabin likitocin da ke ɗakin. Da aka zo kan ƙanwata, Dakta ta faɗi abin da ta yi daidai yadda ta yi shi, ba ƙari, ta ce ɗalibanta sun koyi tsai da jini a hannun wannan baiwar Allah. Ɗayyaba ta hau ta karɓi lambar tana kallon ƙasa kamar wadda aka kama da laifi. Ni kuwa na yi kuka har kwallina ya zubo, don na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Kawu Dankure ne ya ɓata mana lissafi, ƙanen mahaifiyarmu, kuma don ƙauna ya yi. A danginmu ba a samun abin arziki a yi shiru. Wanda ya dawo Hajji, wanda aka ƙara wa girma, wanda aka naɗa, sai an buga masa fasta an yi walima an kira maroƙa, in ba haka ba a ce dangi suna baƙin ciki da shi. Kawu bai shawarci kowa ba, so yake ya ba ta mamaki. Ya nemo hotonta na farin kaya, ya sa aka buga shi ƙato, ya fi ƙofar zaure, da cikakken sunanta da sunan Tungar Tamba. A ƙasa kuma aka rubuta kirari, irin yadda ake yi, wai jarumar da ke cire harsashi ta ɗinke rauni. Ya rataya shi a bakin tashar Argungu, inda duk babur ɗin da ya fito daga ƙauyuka yake tsayawa, tun kafin ranar kasuwa. Ya kuma ɗauko maroƙi da lasifika, shi kuwa maroƙi aikinsa ƙari, a bakinsa harsashi ɗaya ya zama buhu. Samari suka ɗauka a waya suka watsa.

Muna cikin mota ni da ita, mun taso daga Birnin Kebbi za mu walimar da muka ɗauka ta cikin gida ce, muka shigo tasha. Ni na fara gani. Ɗayyaba ta ɗaga kai ta ga fuskarta tana kallon kasuwa, ta ja mayafi ta rufe har hanci, ta kama hannuna.

Kawu ya tarye mu a ƙofar gida da babbar riga, baki har kunne. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba, sannan ta ce a hankali, "Kawu, wa yac ce maka ni ka cire harsashi?"

Ya ce ai kirari ne, kowa ya san kirari. Ni ban iya haƙurinta ba. Na ce masa mutanen daji ba su san kirari ba, abin da suka karanta shi za su zo nema. Sai a lokacin fuskarsa ta sauya. Aminullahi ya tafi da kansa ya sauke hoton kafin la'asar, amma wanda zai gani ya riga ya gani.

Na roƙe ta kada ta koma. Na yi faɗa, na yi kuka, na haɗa ta da girman iyayenmu da ke ƙasa. Ta ce akwai mata da watansu ya tsaya, ba za ta bar su ba saboda hoto. Ta koma. Kwanakin nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Babur in ya tsaya a ƙofar gidana sai gabana ya faɗi, alhali ni ina Gwadangaji, tsakiyar gari.

Ba a daɗe ba suka zo. Bayan azahar ne, mutum biyu a babur ɗaya, sun naɗe fuska da rawani. Suka tsaya a asibiti suka tarar ba ta nan, suka gangara mashigi suka nuna wa mai jirgi hotonta a waya. Ita tana can ƙarshen gari a wani gida tana karɓar haihuwa. Matar mai gari ta shiga ta raɗa mata a kunne. Ɗayyaba ta ce min daga baya a lokacin kan yaro ya riga ya fito, ba inda za ta. Ta gama, ta yanke cibi, ta jira mabiyiya ta faɗo. Matan gidan suka ba ta tsohon zane da hijabi, suka ɗora mata tiren albasa, suka sa ta a tsakiyarsu zuwa mashigi. Mutanen suna zaune a kan babur ɗinsu a gindin bishiya, ta wuce su kusa har tana jin warin fetur. Mai jirgi ya riga ya gaya musu wai tun da aka ba ta lamba aka mayar da ita birni. Suka ce ba komai, za su riƙa leƙowa.

Washegari mai gari da dattawa suka ƙetaro Argungu. Ba gaisuwa ta kawo su ba, roƙo suka zo yi kada ta dawo. Mai gari ya ce sun fi son su ji tana raye a nesa. Aka saka wa asibitin kwaɗo. Dakta Riskuwa da ta ji, ta zo har gidana, ta zauna a tabarma tana share hawaye, daga baya ta nema wa Ɗayyaba wurin koyar da ɗaliban unguwarzoma a nan gari. Ta dawo ɗakina da zama, Aminullahi yana zuwa ƙarshen mako. Kawu Dankure ya zo neman gafara, ya rame, ya kasa haɗa ido da ita. Ta ce ta yafe. Ni na daɗe ban yafe ba.

Na ɗauka mun tsira, har na fara cin abinci. Ɗalibai suna son ta, an ce hannunta ya fi bakinta koyarwa. Sai dai wayarta ba ta hutawa. Matan Tunga in haihuwa ta yi gardama ita suke kira, ta riƙa gaya wa tsohuwar ungozomar garin abin da za ta yi. Sau da yawa Allah yana sa a dace.

Ran wata Laraba da rana ina shanya kifi a tsakar gida aka kira ta. A kan Ummu Hani ne, wata mai ciki da Ɗayyaba ta yi wa awo tun cikin yana ƙarami. Ta haihu lafiya amma jini ya ƙi tsayawa. Ɗayyaba ta miƙe tsaye, waya a kunne, tana cewa a murza mata mara da ƙarfi, a sa jariri a nono, a nemo jirgi yanzu. Ɗaya hannun nata yana murza iska, tana dannawa kamar matar tana gabanta. Na tsaya da kifi a hannu ina jin kukan mata ta cikin wayar. Aka sa Ummu Hani a jirgi. Ba su kai tsakiyar gulbi ba ta cika.

Ɗayyaba ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin rijiya har aka kira magariba. Da na yi mata ta'aziyya na ce kwana ne ya ƙare, sai ta ce, "Kwananta ya ƙare, Yaya, na sani. Amma allurad da ka tsai da jinin ga tana cikin jikkata, nan ɗakinki."

Da safe na ga ta fito da tsohon hijabina, ta zuba kayan aikinta a kwandon kifi ta rufe da busasshiyar tarwaɗa. Na tare ƙofa. Na ce sai dai ta bi ta kaina, na tuna mata 'ya'yanta, na tuna mata mai kemis. Ta bar ni na gama. Ta ce ita ma tsoro take ji, bai taɓa barinta ba tun ranar tasha. Sannan ta ce, "Yaya, kauce min."

Na kauce.

Yanzu haka take yi. Ba ta da ranar zuwa, ko ni ba ta gaya min sai ta ɗauki kwando. Asibitin yana nan a kulle, gida gida take bi a matsayin mai tallan kifi, kuma ba mai kiran sunanta a garin. In ta ƙetaro wannan gefen sai ta kira ni, ta ce ta fito, ta kashe. Mutanen sun sake leƙowa, an ce, ranar ba ta nan.

Yau ma tun safe ta tafi. Ga la'asar ta wuce, wayata tana kan cinyata. Masu sayen kifi sun yi ta sallama a zaure ban fita ba, don duk wanda ya yi sallama sai in ji kamar labari ya kawo min.