Jarrabawar da Ban Rubuta Ba

Ina koyarwa a elementare ta Safana lokacin da labarin ya iso mana, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi. Aka ce gwamnati na neman matasan malamai da za su zauna wata jarrabawa a birni, wanda ya ci a shirya shi shiga jami'a a Kudu. 'Yan Arewa da ke jami'a a lokacin ba su da yawa, duk wanda ka ji an ambata kuwa, sai ka ji an haɗa da sunan gidansu. Sharaɗi guda ne aka gindaya: ba a ba ka kujera a ɗakin jarrabawa sai Baturen makaranta ya sa maka hannu.

Ni ɗan mahauci ne daga Batsari. Ba don gata aka kai ni boko ba. An ce kowace unguwa ta ba da yaro, mai unguwa ya duba gidan da ba za a yi masa gardama ba, ya nuna namu. Na yi elementare, na yi midil, na yi makarantar horon malamai, kuma duk inda na shiga ban taɓa barin sahun gaba ba.

Ina da aboki da muka yi midil tare, shi yana koyarwa a Batsari. Ɗan gidan malamai ne, kakansa ya yi limanci, mahaifinsa na da makarantar allo a ƙofar gida. Mutum ne mai natsuwa, ga kyan rubutu, sai dai lissafi na ba shi wahala, Turanci kuma yana jin sa fiye da yadda yake iya mayarwa. Mu biyu muka ce muna so.

Duk ranar kasuwa sai in hau keke in tafi Batsari, mu zauna bayan rumfar Baba, kusa da tukubar tsire, mu yi ta awon kanmu. Yaran Kudu sun yi sakandare, sun taɓa kwalaben kimiyya da hannunsu, mu kuwa a hoto muka san su. Amma an ce jarrabawar Turanci ce da lissafi da sanin duniya, to a nan ba mu jin tsoron kowa. Wani akawun En'e ya ce mana surukinsa ya gwada, ya fito yana cewa ko tambayoyin bai gane ba. Ranar muka tashi jiki a sanyaye. Malamin asibitin garin, wani mutumin Kudu, ya ce ƙanensa sai a zama na biyu ya ci, kuma a ganinsa Turancina ya fi na ƙanen nasa. Ranar kuwa ban san lokacin da na iso Safana ba. Haka muka yi ta yi har damina ta faɗi, wannan ya ɗaga mu, wancan ya kayar. Abokina dai kullum magana ɗaya yake ƙarewa da ita, cewa in mutum ɗaya za a ɗauka a cikinmu, ni ne.

Baba yana jin mu, yana soke nama a tsinke, bai taɓa tanka mana ba, sai wata rana bayan abokin ya tashi. Ya ce mini duk wannan awon da muke yi na banza ne, don ba takardata za a duba ba, gidanmu za a tambaya. Ya ce in bar shi ya aika da cinyar rago bariki in Bature ya zo rangadi, yadda ake yi wa manya. Na ce masa don Allah kada ya yi, ni da ƙwaƙwalwata zan shiga. Ya ce to, ya ci gaba da barbaɗa ƙuli.

Baturen ya zo rangadi bayan an yi noman farko, ya sauka a barikin Runka. Na sa rigata ta Juma'a, na hau keke cikin caɓi, na isa da hantsi. Masinja ya sa na jira a gindin wata kanya har rana ta take. Da aka kira ni, na cire takalmi na durƙusa. Yana zaune a kujerar zane, dogo, fatar hancinsa duk rana ta saɓe ta. Na gaishe shi da Turanci, don ya ji. Ya amsa mini da Hausa. Na sake da Turanci, ya sake da Hausa, irin Hausar nan tasu ta littafi. Na gane ba ya son jin abin da na zo in nuna masa.

"Malam, ka gode mini wa ubanka," in ji shi. "Kuku ya ce naman yana da kyau."

Ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Ashe Baba ya aika.

Daga nan ya shiga yi mini bayani a hankali, kamar likita. Ya ce ya duba sakamakona, babu abin kushewa. Amma ya daɗe a aikin nan, ya san irin yaran da ke shiga jami'a, kuma in ya auna, damata ƙarama ce ƙwarai. Ya ce ba kaifin kai kaɗai ake nema ba, akwai tasowa cikin littattafai, akwai saba zama da manya, abin da ba a koya a aji. Ya ce in na je na faɗi zuciyata za ta karye, lardi kuma ya ji kunya. Mutum ɗaya zai tura daga wannan yanki, wanda ya fi alamar ci, kuma ya riga ya zaɓi malamin Batsari.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban roƙi a ba ni jami'a ba. Kujera na roƙa. In na faɗi, ni na faɗi."

Ya yi murmushi, ya ce ai don ya tausaya mini ne. Ya ce makarantar Safana na buƙatata, malami irina ba a samun sa a kan hanya. Sai ya ɗaga kai ya kira masinja, alamar an gama.

Ban hau keken ba, tura shi na yi har na fita gari. Abin da ya fi ƙona mini rai ba hanin ba ne, tausayin ne. Da ya ce mini ba ya son ɗan fawa a jami'a, da na san da wa nake faɗa. Amma mutum ya zauna a inuwa, ya ci naman ubana, ya lissafa mini faɗuwata tun ban ga takarda ba, sannan ya jira in yi godiya. Kuma na yi. Da zan tashi na ce na gode, don haka aka koya mana tashi daga gaban Bature. Wannan godiyar har yau in na tuna ta sai in ji ɗaci a bakina.

Batsari na wuce kai tsaye. Na sami Baba yana wanke faranti. Na tambaye shi don me ya aika bayan na roƙe shi. Ya ce ya yi abin da ya sani ne, kuma ko ya aika ko bai aika ba, ai Bature ya san ɗan wane ne ni. Duk abin da zan ƙara zai zama rashin kunya. Na juya. Na yi wata da watanni ban zauna bayan rumfar nan ba.

Abokina ya zo har Safana ya same ni. Ya rantse bai nemi kowa ba, bai san an yi ba sai da masinja ya kai masa saƙo. Ya ce in ina so zai je ya ce ya janye. Na san gaskiya yake faɗa, na kuma san ko ya janye ba ni za a ba ba. Na ce ya tafi ya zauna jarrabawar. Na kwaso littattafan lissafina na ba shi, har na riƙa zuwa ina yi masa bita ranar kasuwa a zauren gidansu. Ina koya masa ina jin haushinsa, shi kuma ya sani.

Ya je birni da kaka, ya zauna, bai ci ba. Da ya dawo ya faɗa mini tambayoyin da ya iya tunawa. Na lissafin duk na san su, wasu ma mun yi irinsu a zauren. Na Turancin akwai wani dogon rubutu a kan jirgin ruwa da tashar teku, wanda ni ma da na sha wuya, don ruwan da na sani bai wuce na rafin garinmu ba. Saboda haka ba zan ce da na je da na ci ba. Ban sani ba. Babu wanda ya sani, har Baturen, wanda da aka kai masa labarin sai ya ce wai ka gani, in wannan bai ci ba, ina ga ɗayan. Akawun En'e ne ya kawo mini wannan maganar, yana zaton zai sanyaya mini zuciya.

Da shekara ta zagayo na sake neman a sa mini hannu. Amsar da na samu ita ce an ɗauke ni daga Safana zuwa Babban Duhu, in buɗe sabon aji. Aka ce girmamawa ce. Na tarar babu ɗaki, babu benci, sai wata rumfar kara da iyayen da ke ɓoye 'ya'yansu a rumbu in sun hango ni. Kafin in tsayar da makarantar nan da ƙafarta, shekaruna sun wuce waɗanda ake ɗauka.

Baturen ya bar ƙasar nan kafin a sauke tutarsu. Aka tara malaman yankin a Batsari don yi masa ban kwana, aka ce ni zan yi jawabi da Turanci, tun da na fi kowa iyawa. Na aika cewa ina da shuka, ruwa ya sauka. Ruwan kuwa ya sauka da gaske. Na ɗauki sungumi na tafi gona, matata na biye da ni da ƙwaryar iri, muka shuka gero har azahar.