Gidan da Na Tsallake

Wata ranar Asabar da hantsi, a daminar shekarar da na shiga aji huɗu, Baba ya tsaya a gindin wani bene da ba a ƙarasa ginawa ba a bakin layinmu cikin Gusau, kyamara rataye a wuyansa, ya naɗe ƙafar wando, yana jiran in dawo daga zagaye. An yi ruwa da asuba, gari ya wanku, rufin kwano sai ƙyalli yake, hayaƙin murhu na tashi gida-gida. Irin hasken da yakan yi wata guda yana jira ke nan. Da ya hango ni ya tambaye ni ko na gama, na ce na gama. Ya yi bismilla ya taka tsani. Ƙarya na yi masa, saura gida ɗaya.

Sai na faɗi abin da ake nufi da zagaye, don yaran yanzu ba su san shi ba. A unguwarmu namiji ba ya hawa bisa, soro ne ko itace ko katanga, sai an sanar da duk gidan da idonsa zai iya faɗawa ciki. Tsakar gida ba ta da rufi, kuma nan ce duniyar mata: nan ake daka, nan ake kitso, nan ake shan iska da ɗaurin ƙirji. Magina sukan tsaya a waje su ɗaga murya. Baba kuwa ni yake aika, domin ni mace ce, ina iya shiga har ƙuryar gida. In yi sallama in ce Baba ya ce a gafarce shi, zai hau bisa. Mata su jawo mayafi, mai wanka ta hanzarta, wadda ba ta son a ga abin da ke tukunyarta ta ja ta ƙarƙashin rumfa. Wata ta ba ni ƙuli-ƙuli, wata ta ce in gaya wa ubana ko shi ƙadangare ne.

Sana'ar Baba hoto ce, Malam Garba mai hoto ake ce masa. Yana da ɗan shago kusa da kasuwa, da farin labule da kujera guda, inda yake ɗaukar masu neman aiki da amare da 'yan makaranta. Wannan shi ke ciyar da mu, amma ba nan zuciyarsa take ba. Da zarar ya sami ragowar fim sai ya fara ɗage-ɗagen kai yana neman inda zai hau. Ya hau tankin ruwa, ya hau rufin shaguna, ya hau lodin buhuna a kan babbar mota don ya ɗauki masu dako. In mun je hutu Tsafe wajen kakarmu, mu muna gona muna cirar gyaɗa, shi yana kan dutse yana jiran a ci kasuwa. A hanyar dawowa ba ya ganin dutsen Kwatarkwashi bai yi ajiyar zuciya ba. Inna takan ce mutane na neman abinci a ƙasa, shi yana nema a sama kamar shirwa. Shi kuma ya yi dariya ya ce, "A ƙasa kowa gyara fuska yakai. Daga bisa na kake ganin gari yadda Allah ya bar shi." Ban taɓa ganin ya sayar da ko ɗaya daga cikin hotunan nan ba. Liƙa su yake a bangon shago, mutane su taru suna neman rufin gidansu.

Ranar nan na gaji, iyakar uzurina ke nan, kuma na san ba uzuri ba ne. Tun da gari ya waye na share tsakar gida da ruwa ya cika da ganye, na yi sawu huɗu a famfon bakin masallaci, na kai niƙa na tsaya layi, na dawo da garin dawa har cikin gashin ido. Ban ajiye ƙwarya ba Baba ya ce in yi zagaye, gida takwas. Na shiga bakwai, ƙafata duk taɓo. Na takwas shi ne gidan Alhaji Bawa, tsohon ma'aikacin gwamnati, gida mai zaure uku da doguwar katanga. A da motoci ke tsayawa a ƙofarsa, amma tun da ciwo ya kwantar da shi ƙafa ta ɗauke. Matarsa, Hajiya Asabe, ta daina barin yara su wuce zaure na biyu, sai ka yi ta rafka sallama kafin ta leƙo. Na tsaya na dubi tsawon zaurukan nan, na dubi katangar, na ce a raina wa zai ga cikin wannan gida. A gefe kuma ga ƙawayena sun baje duwatsu suna 'yar carafke. Na zauna na yi wasa biyu, aka cinye ni duka, sannan na tafi na ce wa Baba na gama.

Hoton ya yi kyau, wannan kam ba a musu. Baba ya sa aka wanko shi babba, ya yi masa gilashi ya rataye a bakin shago. Ga hasumiyar masallaci, ga tattabaru sun tashi, ga masu kai niƙa a jere da ƙore a ka, ga mai kura ya maƙale a taɓo ana tura shi. Kwana uku mutane na cincirindo, kowa na nuna rufinsa da yatsa. Ana nan sai wani mahauci ya matso ya ƙura ido a kusurwar ƙasa, ya ce ai waccan koriyar rigar tasa ce, ta Sallah, wadda ya ba wani tsoho mai wanki. Aka duba, sai ga shi igiyar da rigar ke kai a tsakar gidan Alhaji Bawa take. Igiya uku ce ma, shaƙe da manyan riguna, a gidan da namiji ɗaya ne, shi ma yana kwance. A gindinsu ga mace sunkuye a kan baho, ba kallabi. Ba a ganin fuskarta, amma ba a bukatar gani.

Ashe abin hannu ya daɗe da ƙarewa a gidan. Tsohon mai wankin nan shi ke karɓo kaya a gari, ya shigar mata ta ƙofar baya, ta wanke ta goge, su raba abin da aka samu. Da haka take sayen magani da hatsi, ba wanda ya sani, kuma ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Kafin la'asar labari ya gama unguwa. Ba wai zagin ta aka yi ba, da zagi ne da ya fi sauƙi. Tausayi aka yi ta aika mata. Wannan ta aiko da tuwo a rufe, waccan ta aiko da tsohon zane, matan da a da suke durƙusawa su gaishe ta. Inna ta ce duk kwanon da ya shiga haka ya fito, ba a ko buɗe shi ba.

Baba ya sauke hoton, ya zare shi daga gilashi ya ƙona shi tare da fim ɗin a murhun Inna. Bayan sallar la'asar ya kira ni zaure, ya tambaye ni a hankali ko na shiga gidan Alhaji. Na fashe da kuka na faɗi gaskiya. Na sa rai da bulala, har ina fatan ta, don in an doke ni an gama. Bai taɓa ni ba. Sai ya ce, "Ke ɗiya ta. Ni na hau, ni na rataye ban duba ba. Kar in ji kin hwaɗi ma kowa."

Washegari ya ɗauki mai unguwa suka je ban haƙuri. Abin da ya faru a can daga bakin Inna na ji shi. Aka tayar da Alhaji Bawa aka jingina shi da matashi, ya saurari Baba har ya gama. Bai yi faɗa ba, bai ma ambaci wanki ba. Cewa ya yi, "Malam Garba, an sanar da gida bakwai. Ashe mu mun hita cikin mutanen da aka sanarwa." Baba yana iya cewa yarinya ce ta yi ƙiwa, maganar ta mutu a nan. Bai faɗa ba, ya bar su da zaton raini ne daga gare shi, don kada a riƙa nuna ni a layi. Kafin a girbe gero suka rufe gida suka koma Bungudu wajen dangin Hajiya, Alhaji kuma bai ga wata damina ba.

Daga ranar Baba bai sake hawa ko'ina ba. Ba wanda ya hana shi, mai unguwa ma cewa ya yi tsautsayi ne. Amma ya ba wani magini tsaninsa, ya cire sauran hotunan bango ya zuba a akwati, ya koma ga farin labule da kujerarsa. Shekara da shekaru ina kallon sa yana ce wa mutane su ɗaga haɓa, su daina ƙifta ido. In an yi ruwan asuba gari ya wanku, sai ya fito ƙofar gida ya ɗaga kai ya ɗan jima, sannan ya sa takalmi ya tafi shago. Ni ce nake ganin wannan, kuma ni na san dalili. Na gama makaranta, na yi aure, na zama malamar firamare, abin na nan a ƙirjina. Sau da yawa na yi niyyar zuwa Bungudu in ce wa Hajiya ba Baba ba ne, ni ce. Tafiyar da ba ta kai awa guda ba, kullum sai in ce sai an yi hutu. Har waya mai kyamara ta zo ta kashe shagon, har Baba ya rasu.

Bara na je Bungudu, bayan hanyar ta zama wadda ba a bi sai da addu'a. Na sami Hajiya Asabe a gidan ɗan ƙanenta, zaune a tabarma tana tsince wake, ido ya yi rauni, hannuwanta duk sun kanannaɗe. Na gaishe ta na faɗi ko ni 'yar wace ce, ta yi wa Baba addu'a. Sai na durƙusa na zayyana mata komai, da zauruka ukun, da 'yar carafken, na ce ta yafe mini, ta kuma yafe wa Baba zaton da suka yi masa. Ta ture farantin waken gefe.

"Ɗiyata, ai na jiya ki," in ji ta. "Katanga guda ta tsakaninmu da gidan da kinka shiga. Na ji kina hwaɗin Malam za ya hau bisa. Na dubi igiya ukku, na dubi hannuna, na ce in sauke su in sake shanyawa? Wallahi na gaji. Na gaji da wankin, na gaji da ɓoyon. Sai na bar su."

Na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba a lokacin. Ta ce ta yaya za ta dubi Alhaji a kwance ta ce masa da saninta aka gani. Ta ce ita ma ta so ta aika wa Malam Garba ya kwantar da hankalinsa, kullum tana cewa sai ta sami mai zuwa Gusau. Da zan tafi ta ƙulla mini wake a leda, na karɓa don ba a mayar mata da hannu.

A mota ina dawowa na yi zaton zan ji sauƙi, sai na ji jikina ya mutu kamar na yi sawu goma a famfo. Yanzu Gusau ta cika da benaye, yara na hawa da waya a hannu su ɗauki abin da suka ga dama. A gidan biki har wata 'yar na'ura ake sakewa ta tashi sama tana ƙugi, ta ratsa tsakar gidajen mutane, ba sallama ba ban haƙuri. Ba na cewa mutanen da sun fi na yanzu tsoron Allah, na dai san akwai lokacin da mutum zai bar abin da ya fi so a duniya saboda ya ga abin da ba a nuna masa ba. Ina kewar wannan lokacin, ina kewar mutumin da ya yi hakan. Da na yi tafiyar nan da wuri, da Baba ya sake hawa ko sau ɗaya ne.